Ƙafar Kazar da Ke Bayan Uwar Birki

Yaya Sale, ɗan wan ubana, wanda kuka tashi kuna ce wa Baba Alhaji, ya tsaya gaban mutane ya ce hannuna ne ya yanke ƙafar Malam Dari, alhali ya san ƙarya yake yi. Da wannan zan fara, domin shi ne abin da ya cinye mini ƙuruciyar ƙarfina, kuma shi ya sa kuka girma kuna ganin ubanku a bakin injin niƙa, fari fat da gari kamar fatalwa, maimakon a garaj. Ban iya rubutu mai ado ba. Lakwal ɗin da na yi, wato boko, bai je ko'ina ba, mushe, malamin ajinmu, ya fasa mini leɓe da rula na fita ban koma ba. Amma maganar nan ba ta neman ado. Ku karanta ku ajiye. In na mutu wani ya zo ya ba ku ita a karkace, ku ce masa ubanmu ya riga ka.

Kanikanci a Damagaram na koye shi, hannun wani tsohon Babarbare, Malam Kyari, mutumin da bai san madalla ba. In ya duba aikinka ya yi shiru, to ka yi murna, yabon ke nan. Abu biyu ya dasa mana, mu masu koyon aiki a hannunsa, har suka zama jini. Na farko, in ka cire tsohon ƙarfe ka sa sabo, ka miƙa wa mai mota tsohon a hannunsa, don kada gobe ya ce wankewa ka yi ka mayar. Na biyu, duk ƙarfen da ka sa ka yi masa shaida a inda ido ba ya kaiwa, saboda akwai direban da zai cire naka ya sayar, ya sa ruɓaɓɓe, sannan ya dawo yana ihu a ƙofar garaj ɗinka. Kowannenmu da tasa shaidar. Tawa ƙafar kaza ce, zane uku da bakin ƙusa masu haɗuwa wuri guda, kuma a bayan ƙarfen nake yin ta, fuskar da ke mannewa da jikin mota, wadda ba a gani sai an kwance. Da na dawo Magarya na kafa rumfata, da waɗannan abu biyu na kafa ta.

Cikin kayan mota ba wanda na sani kamar uwar birki. A takarda metir silandir ake ce mata, 'yan ƙetaren iyaka su ce masta. Wani guntun ƙarfe ne da bai fi ɗamtsen yaro ba, yana ƙarƙashin kapo, wato murfin injin, daidai gaban direba, da 'yar gorar mai a bisa kansa. In ka taka fedar birki da ƙafa, ita ke tura man birki cikin bututu har ya kai tayoyi. In ta mutu, ko jiya ka sayi tayoyin, kai da dutsen da aka turo daga tudu ɗaya kuke. Kuma iri-iri ce. Tsofaffin bashe, motocin nan masu buɗaɗɗen baya da muke kira a-kori-kura, da yawansu mai hanya ɗaya gare su: bututu guda ke ciyar da duka tayoyin, in ya fashe ko robar ciki ta saki, shi ke nan, sai salati. Akwai mai hanya biyu, gaba daban baya daban, in ɗaya ta yaudare ka ɗaya ta riƙe ka. Ga wanda bai sani ba duk kamarsu ɗaya. Mu kuwa sai mu dubi bakunan bututu nawa ne, ta wane gefe suke fita, tazarar kunnuwan da ake ɗaure ta, sannan mu sa yatsa mu ji faɗin cikinta.

Yaya Sale bashe biyu gare shi a lokacin. Akwai Shuɗiya, tsohuwa, mai jigilar 'yan kasuwa daga Magarya zuwa Dungas da Mallawa, mutane a bisa buhuna, awaki a bisa mutane. Akwai Fara, wadda ta fi ta ƙuruciya, ita yake shiga da kansa ya kai kaya ƙetare. Shuɗiya ni ke gyara ta. Fara kuwa ko inuwar rumfata ba ta taɓa sha ba, wai ita ba motar garaj ɗin ƙasa ba ce, sai manyan kanikawan Najeriya. Ban damu ba. Kowa da inda yake kai wankinsa.

Wata rana direban Shuɗiya, Garba, ya shigo da ita yana cewa feda na nutsewa. Na hau na taka na riƙe, na ji tana tafiya ƙasa a hankali kamar ƙafa cikin laka. Na duba tayoyi huɗu, babu ɗigon mai. Na san uwar ce. Da na kwance ta na haska cikinta, tsatsa ta ci ta yi ramuka, ko ka sa sabuwar roba sati ba za ta yi ba. Na aika aka kira Yaya Sale.

"Yaya, wannan ta mutu. Kuma ba irinta zan mayar ba, mai hanya biyu zan sa."

"Kai Habu, kullum sai ka ƙaro aiki. Motar 'yan ƙauye ce fa, ba jirgin Makka ba."

"'Yan ƙauyen ma rai ɗaya gare su, Yaya, irin naka."

Ya yi tsaki ya ce in yi. Na nemo mai hanya biyu sabuwa dal, ta wata ƙira da kunnuwanta suka zo daidai da jikin Shuɗiya. Na zana mata ƙafar kaza a baya, na ɗaure, na raba bututu gaba da baya, muka fitar da iska, Garba na taka feda ina kwance ƙarƙashi. Da muka gama feda ta tsaya ƙam kamar dutse. Tsohuwar kuwa na naɗe ta cikin tsumma na miƙa wa Yaya Sale hannu da hannu, yadda aka koya mini. Na ce masa wannan gawa ce, a jefar. Ya jefa ta cikin aljihun babbar riga ya tafi.

Ba a yi nisa ba, ranar kasuwar Dungas, Shuɗiya ta taho da kaya har sama, ta zo shiga gari inda amalanke ke cunkushewa, Garba ya taka, feda ta tafi ƙasa ba ta dawo ba. Ta murƙushe amalanken jakin wani manomin gyaɗa daga Kwaya, Malam Dari. Jakin ya mutu nan take. Malam Dari aka kwashe shi asibiti, ya fito da ƙafa ɗaya. Garba kafin ƙura ta lafa ya yi arewa, har yau ba wanda ya ce ya gan shi. Jandarmomi suka yi abin da ya hau kansu, sannan dangi suka nemi a yi sulhu, aka taru a zauren mai unguwarmu. A nan Yaya Sale ya tashi, yana share ido da gefen rawani.

"Ni me zan ce? Ƙanena ne, na ba shi amana. Na ce ya sa sabuwa, Allah kaɗai ya san abin da ya sa. Ku dubi Fara mana. Hannun Habu bai taɓa taɓa ta ba, ko sau ɗaya. Kun taɓa jin ta ƙi tsayawa?"

Na miƙe tsaye.

"A buɗe motar a gani! Yanzu, gaban kowa!"

"Motar da jinin bawan Allah bai bushe a jikinta ba? Haba Habu. Kai ba ka da tausayi ne?"

Zaure ya ɗauki guna-guni. Shi ya ɗauki nauyin maganin Malam Dari, shi ne mai kuka, ni ne mai ihu. Ku da kanku kun san wanda za a gaskata. Ya sa aka ja Shuɗiya aka shigar da ita bayan gidansa aka rufe ƙyaure. Na yi rantsuwa ko da katanga zan haura sai na buɗe kapon nan. A ranar Inna, kakarku, ta kira ni ɗakinta.

"Habu, zauna. Da ubanka ya rasu kana goye, wa ya kwashe mu?"

"Baffa."

"Baffa uban wa?"

"Uban Yaya Sale."

"Tuwon gidansu ka ci ka yi ƙashi. Ban yarda ka tsaya gaban mutane ka ƙaryata yayanka ba. Ban yafe ba in ka yi."

"Inna, ƙarya fa yake yi mini."

"In ƙarya ce, fure take, ba ta 'ya'ya."

"Inna, furen nan ni zai kashe."

Ta ja carbinta. Ni kuwa na bi maganar uwa, kuma ba zan ce muku na yi nadamar bin ta ba, amma ku san abin da ta ci. Motoci suka ɗauke ƙafa daga rumfata ɗaya bayan ɗaya. Iyayen masu koyon aiki suka zo suka janye 'ya'yansu. Aka laƙa mini suna, Habu Ba-Tsayawa. 'Yan kabu-kabu su wuce suna danna ham suna cewa, Ba-Tsayawa, taɓa mini birki, sauri nake zuwa lahira! In wata baƙuwar mota ta ɓato hanya ta shigo, ba ni da ko wanda zai taka mini feda in fitar da iska, domin aikin nan mutum ɗaya ba ya yin sa. Uwarku Hadiza ce ta yafa mayafi ta fito.

"Malam, ni da ke kirɓa gero tun asuba, wannan 'yar fedar ce za ta gagare ni? Nuna mini."

Ta hau kujerar direba, ina ƙarƙashi da kile, wato sifana, ina kira, taka, riƙe, saki, tana amsawa na taka, na riƙe, na saki, matan unguwa na leƙe ta katanga suna dariya. Ba ta ko dube su ba. In akwai wanda ya gaskata ni a garin nan tun ranar farko, ita ce, kuma ku riƙe mata wannan. Amma baƙuwar mota ba ta ciyar da gida. Na tattara kayan aikina na zuba a akwatin ƙarfe, na je na kama aiki a injin niƙan wani.

Abu biyu suka fi ci mini rai a shekarun nan. Ɗaya, cinyar ragon da Yaya Sale ke aiko mana duk Babbar Sallah. Kuna tsalle kuna cewa Baba Alhaji ya aiko, ni kuwa ba na iya cin naman. Ɗayan kuma Malam Dari. Na haɗu da shi a kasuwar Dungas yana zaune yana sayar da igiyar da yake tufkawa, tunda gona ta fi ƙarfinsa. Na durƙusa na yi sallama na miƙa hannu. Ya dubi hannun, ya dubi inda ƙafarsa take a da, ya kau da kai. Zagin 'yan kabu-kabu duka bai kai wannan ba.

Sai shekarar da nake son ku sani. Da kaka ne, gero ya shigo, injin ba ya hutawa. Da rana tsaka ina cikin zuba hatsi sai ga Lawali a kan babur. Lawali tare muka sha duka hannun Malam Kyari, shi a Dungas ya kafa garaj. Mutum ne mai girman kai a sana'a, bai iya tambaya ba, don haka da na ga ya ciro abu cikin leda yana sosa ƙeya na san ta kai masa iya wuya.

"Habu, kashe wannan abin hayaniyar. Wata uwar birki ce ta hana ni sukuni. Robar ciki ta gaji, na sayo ta ƙirar motar, ta yi mata kaɗan. Na aika ƙetare aka kawo wata, ita ma tana yawo a ciki. Kai ne maye a kansu. Ta wace mota ce wannan?"

Na karɓa. Shekara da shekaru rabona da riƙe irinta, amma hannu ba ya mantuwa. Baki biyu, ta gefen hagu. Na gwada tazarar kunnuwa da yatsu, na zura ɗan yatsa ciki.

"Ai dole. Wannan ba ta motar da ka ciro ta ba ce. Ta ƙirar da ta gabace ta ce, cikinta ya fi faɗi kaɗan. Wani ya dasa ta. Za ta yi aiki, amma robar da za ka nema daban ce."

Ina magana ina juya ta, har na zo bayanta. Baƙin mai da ƙasa sun toshe fuskar. Na goge da babban yatsa, yatsan nan kuwa cike yake da garin gero. Garin ya shiga cikin zanen ya zauna. Ƙafar kaza ta fito fara tas a kan baƙin ƙarfe.

"Lawali, daga wace mota ka ciro ta?"

"Farar Alhaji Sale mana. Tana garaj ɗina, feda ta nutse masa a hanyar Mallawa, Najeriya ta yi masa nisa."

Ya leƙo ya ga abin da nake kallo. Lawali ya san shaidata kamar yadda na san tasa.

"La'ilaha illallahu. Ƙafar kaza."

Na zauna a kan buhu. Duk tsawon shekarun nan ina zaton ko Garba ne ya zuba wani abu a gorar mai, ko bututu ne ya fashe. Ban taɓa kawo wannan ba. Uwar birki ɗaya tak na taɓa sa wa Yaya Sale, a jikin Shuɗiya. Fara kuwa, da bakinsa ya shaida wa zaure hannuna bai taɓa ta ba. To yaya aka yi aikina ya kwana a cikinta? Ta Fara ce ta lalace, ya ga ga sabuwa a motar 'yan ƙauye, ya sa aka kwance aka dasa a tasa. Shuɗiya kuma me aka mayar mata? Gawar da na naɗe a tsumma na miƙa masa da hannuna.

Ban wuce ko'ina ba sai ɗakin Inna. Lokacin idonta ya tafi, sai dai ta ji murya. Na ɗora mata ƙarfen a cinya, na kama yatsanta na bi da shi kan zanen, na faɗa mata komai dalla-dalla. Ta daɗe tana shafawa.

"Wannan zanen naka ne?"

"Nawa ne, Inna."

"A motar da yake hawa da kansa?"

"A cikinta."

"Ya ba 'ya'yan mutane matacciya, ya ɗauki mai rai."

Sannan ta turo mini ƙarfen.

"Tuwon Baffanka ka biya shi, har da ƙari. Na kwance maka baki. Je ka."

Washegari na hau bayan Lawali muka yi Kwaya. Na ce kafin mai unguwa, kafin kowa, mutumin da ya rasa ƙafa shi ya fi cancanta ya fara ji. Muka same shi gindin itacen bedi yana tufka. Da ya gan ni ya ɗaure fuska. Lawali ne ya yi bayani. Malam Dari ya saurara har ƙarshe, ya ajiye igiyar.

"Ni ban san ƙarfe ba. Amma in abin da kuka faɗa gaskiya ne, tsohuwar tana nan jikin motar da ta taka ni."

"Tana nan, in bai cire ba," in ji Lawali.

"To ku ɗora ni a babur. Da idona zan gani."

Bai cire ba. Wanda ya saba a gaskata shi ba ya wahalar share sawu. Bayan sallar la'asar muka shiga gidan Yaya Sale, ni da Lawali da Malam Dari a kan sandarsa, da mai unguwa, da dattawan da suka rage cikin waɗanda suka zauna a zauren farko. Mutanen unguwa suka biyo baya, ba wanda ya gayyace su. Shuɗiya na nan bayan gida, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, an tara harawa a bayanta, kaji na ƙwai a kujerar direba. Yaya Sale ya fito yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Lafiya, ranka ya daɗe? Habu, me ka kwaso mini haka kamar zaman makoki?"

Mai unguwa ya ce a buɗe kapo. Na ce ni ba zan taɓa ba, kada a ce na saka wani abu. Lawali ya sa ƙarfe ya ɓanɓare murfin. Ga ta nan. Mai hanya ɗaya, baki guda, an kama bututuna biyu da na raba an haɗe su wuri ɗaya da wata ƙazamar walda. Lawali ya kwance ta ya ɗaga sama, ya juya bayanta, babu shaidar kowa. Ya haska cikinta, ramukan tsatsa na nan yadda na bar su. Sannan ya ɗaga ta Fara, ya nuna ƙafar kaza, aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu.

"Alhaji," in ji mai unguwa, "a zaurena ka ce hannun Habu bai taɓa Fara ba. Ina zaune, waɗannan na zaune. To wannan kazar ta ina ta shiga?"

"Wallahi aikin Garba ne. Direbobin nan ba su da amana."

Malam Dari ya gyara tsayuwa a kan sandarsa.

"Alhaji, direba ya saci sabon ƙarfe ya kai kasuwa, wannan na sani. Amma direban da zai sata ya sa a motar maigidansa, sannan ya hau matacciya da kansa ya ɗebi mutane, ban taɓa jin irinsa ba. Kuma tsohuwar a aljihun wa take?"

Wani daga baya ya ce a aljihun babbar riga, aka fashe da dariya. Malam Dari ya juyo wajena, ya jingina sandar a ƙirjinsa, ya miƙo mini hannu biyu.

"Malam Habu, na hana ka hannuna a kasuwa. Ga shi, har da ɗayan."

Ban ɓoye muku ba, na yi kuka a gaban maza.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Kafin gero ya gama shiga rumbu na buɗe akwatin ƙarfe na sake kafa rumfa. Bashe suka dawo har suna jeri a rana. 'Yan kabu-kabun da ke zagina su ne ke kawo mini direbobi, sunan Ba-Tsayawa kuma ya mutu, yanzu Ƙafar Kaza ake ce mini, har wasu ke cewa sai sun ga na zana kafin in ɗaure. Abin da ke tsakanin Yaya Sale da Malam Dari manya suka zauna a kai, ba nawa ba ne in faɗa. Kuma an biya farashi. Gidan Baffa ya rabe biyu, akwai 'yan'uwan da har yau ba sa amsa sallamata, wai na tona asirin gida. Cinyar rago ta daina zuwa. 'Ya'yansa da kuka yi wasan ƙasa tare sun daina shigowa. Na sani ya yi muku zafi, kuma shi ya sa nake rubuta wannan, don ku san ba ni na yanke zumuncin ba, ni dai na daina riƙe shi da haƙorana.

Saura abu ɗaya. Fara na can garaj ɗin Lawali babu birki, kuma Lawali ya rantse ba zai ɗaure ƙarfen da ke ɗauke da shaidar wani ba. Kanikawan Magarya su ma kowa ya noƙe. Ranar nan ina ƙarƙashin wata mota sai na ga takalman da na sani sun tsaya a bakin rumfa. An jawo Fara da igiya. Motar da ba ta shiga garaj ɗin ƙasa, ga ta a inuwata.

"Habu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "abin da ya wuce ya wuce. Ka rufa mini asiri."

Hadiza ta ce in kore shi. Ban kore shi ba. Fara ma mutane take bi ta cikinsu, kuma ba zan bari wani Malam Dari ya ƙaru saboda fushina ba. Na nemo robar da ta dace, na wanke uwar birkin, na haɗa, na ɗaure. Da aka zo fitar da iska masu koyon aikina suka yi rige-rigen hawa, na ce kowa ya sauka.

"Yaya, hau. Kai za ka taka."

Ya dubi direbobin da suka cika rumfa, ya tattara babbar riga ya hau. Na shiga ƙarƙashi da kile.

"Taka! Riƙe! Na ce riƙe, Alhaji, ba ka ji ne? Saki! Taka!"

Ya taka, ya riƙe, ya saki, gumi na zuba, taya bayan taya, har feda ta tsaya ƙam. Na fito na goge hannu, na zo tagar direba, na dube shi ido cikin ido yadda ban taɓa yi ba tun ina yaro.

"Yaya Sale, ka gaya wa duniya hannuna ba ya tsayar da mota. Duk shekarun da kake faɗin haka, duk gangaren da ka sauka, duk yaron da ya gifta maka, duk ranar da ka dawo gida ka tarar da 'ya'yanka, hannun nan ne ya tsayar da kai. Ina can ina shaƙar gari, kai kana nan kana taka aikina. Yau ma shi ne a ƙarƙashin ƙafarka. Je ka. Ba na neman komai a wurinka. Amma daga yau duk sanda ka taka birki mota ta tsaya, ka san wa ya tsayar da ita."